Akwatin Tetzel Yana Bakin Ƙofarmu



Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba mun zauna a majami'a mun kalli wasan kwaikwayon da kuka shirya don tunawa da Gyaran Ikkilisiya. Kun yi ƙoƙari ƙwarai. Wanda ya fito a Paparoma ya ɗora hular kwali mai tsini, ya cusa matashin kai cikin riga don ya yi tumbi, yana tafe yana ƙirga kuɗi. Wanda ya fito a Martin Luta ya zo da guduma ya buga takarda a ƙofar ofishin fasto, har ƙusar ta bar rami. Dattawa sun gani, sun kau da kai. Jama'a suka yi ta dariya har da hawaye, mu ma mun yi.

Mako biyu bayan haka, a cikin wannan majami'ar, muka yi taron falkaswa na kwana uku. A daren ƙarshe baƙon mai wa'azi ya ce Ruhu ya nuna masa mutum goma da za su shuka irin naira dubu hamsin, su fito gaba. Bayansu aka kira masu dubu ashirin, sai masu dubu goma, sai masu dubu biyar. Waɗanda ba su da komai aka ce su tsaya a wurarensu su ɗaga hannu, a yi musu addu'a gaba ɗaya. A bakin ƙofa an kafa tebur da kwalaben man shafewa, ƙanana da manya, kowace da kuɗinta. Yaron da ya fito a Luta shi ne ya riƙe kwandon ambulan. A wannan daren ba wanda ya yi dariya, kuma cikinmu fastoci da dattawa da muke zaune a gaba ba wanda ya buɗe baki. Mu muka gayyato baƙon, mu muka miƙa masa bagade, mu muka raka shi mota da godiya.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekara da shekaru muna koya muku tarihin 1517 kamar labarin wasu mugayen mutane ne da ake kira 'yan Katolika da wani jarumi da ya kunyata su. Da irin wannan koyarwa ne yaro zai iya fitowa a Luta ranar Lahadi, ya riƙe kwandon Tetzel ranar Asabar, bai ga wani saɓani ba. Laifin ba nasa ba ne. Ba mu ba shi labarin yadda yake ba.

Mu fara da abin da ake sayarwar. A koyarwar ikkilisiyar Roma ta wancan zamani, idan mutum ya furta zunubinsa gaban limami aka gafarta masa, akwai sauran horo da zai biya, ko a nan duniya ta wurin azumi da addu'a da sadaka, ko bayan mutuwa a wurin tsarkakewa da suke kira Furgatori. Takardar afuwa ita ce take rage wannan horon. A rubuce, ba gafarar zunubi ake saye ba, kuma kuɗin da aka bayar sunansa sadaka. Amma manomin da ya tsaya a layi da tsabarsa a hannu bai san wannan bambancin ba, masu wa'azin kuma ba su damu su bayyana masa ba. Ku riƙe wannan, domin haka muke yi yau. Ba mai wa'azin da zai ce maka yana sayar da albarka. Zai ce iri kake shukawa.

Takardar da ta tayar da rigimar tana da tarihi, kuma tarihin bashi ne. Akwai wani ɗan sarauta a Jamus, Albrecht na Brandenburg. A 1513 ya zama babban bishop na Magdeburg, aka kuma ba shi riƙon Halberstadt. A 1514, bai cika shekara 24 ba, ya sami kujerar babban bishop na Mainz, wadda take cikin kujeru bakwai masu zaɓen sarkin daular. Dokar ikkilisiya ta hana mutum ɗaya riƙe kujeru fiye da ɗaya, ta kuma ce bishop sai ya kai shekara 30. Amma a Roma ana iya ɗage doka ga wanda ya biya. Albrecht ba shi da kuɗin, sai ya ci bashi daga gidan Fugger, manyan 'yan banki na birnin Augsburg. A lokacin Paparoma Liyo na Goma yana neman kuɗin ci gaba da ginin babbar majami'ar Bitrus a Roma, wadda aka aza harsashinta a 1506. Sai buƙatu biyu suka haɗu. A 1515 Paparoma ya ba da izini a yi wa'azin takardar afuwa a yankunan Albrecht har shekara takwas, rabin kuɗin ya tafi ginin Roma, rabi ya biya bashin Fugger. Wakilan bankin suna bin masu wa'azin gari gari don su ga an buɗe akwati a gabansu. Talakan da ya jefa tsabarsa yana kuka saboda uwarsa da ta rasu bai san kujerar wani saurayi yake biya ba. Luta kansa daga baya ya ce a lokacin bai san da wannan yarjejeniyar ba.

Albrecht ya fitar da littafin umarni ga masu wa'azin, kuma a cikinsa akwai jerin farashi. Sarakuna da bishop-bishop su ba da tsabar zinariya 25. Shugabannin gidajen zuhudu da manyan hakimai 10. Ƙananan masu sarauta 6. 'Yan kasuwa masu hali 3. Masu ƙaramin ƙarfi 1. Wanda ba shi da komai ya cike da addu'a da azumi. Ku sake karanta wannan jerin, ku tuna da daren falkaswarmu: dubu hamsin, dubu ashirin, dubu goma, dubu biyar, sai marasa komai su ɗaga hannu daga baya. Ba mu ƙara ko gishiri ba. Umarnin ya kuma ce wanda yake saya wa mamaci takarda ba lalle ne shi kansa ya tuba ko ya furta zunubinsa ba, kuɗin ya wadatar.

Johann Tetzel, ɗan zuhudu na ƙungiyar Dominikan, shi ne gwanin masu wa'azin. Idan zai shiga gari akan tarye shi da ƙararrawa da tutoci, a kafa gicciye a tsakiyar majami'a, a ajiye akwati a gindinsa. Makaminsa iyayen mutane da suka mutu. Yakan sa jama'a su ji kamar suna jin muryar uwa ko uba daga cikin azaba suna tambayar me ya sa ɗan da suka haifa suka raina ya hana musu 'yan tsabobi. An kuma san masu wa'azin da cewa da zarar kuɗi ya faɗa akwati, ran mamaci ya fita. Mu a yau ba ma tsoratar da mutane da matattu. Muna tsoratar da su da rashin aure, da rashin haihuwa, da takardar digiri da ta shekara biyar cikin akwati babu aiki, da maƙiyan gida da ba a ambaci sunansu ba. Tsoron ya canja kaya, amma mai akwatin yana nan inda yake.

Wani abin da ba ma faɗa muku shi ne, sarkin da ya kare Luta, Frederick na Saxony, ya hana Tetzel shiga ƙasarsa ba don ya fi kowa tsoron Allah ba. Ba ya son kuɗin talakawansa ya fita zuwa aljihun gidan Brandenburg, kuma shi ma yana da tasa kasuwar. A majami'ar fādarsa a Wittenberg ya tara ƙasusuwa da tsummoki da sauran kayan da aka ce na tsarkaka ne, waɗanda zuwa 1520 sun wuce 19,000, kuma mai zuwa kallonsu ya ba da sadaka yana samun afuwa. Sai mutanen Wittenberg suka riƙa tsallaka iyaka zuwa garin Jüterbog inda Tetzel yake wa'azi a 1517, su dawo da takardunsu. Luta malamin Littafi Mai Tsarki ne a jami'a, amma kuma yana wa'azi yana sauraron masu furta zunubi. A nan abin ya same shi. Mutanen da yake kiwo suna ganin ba su da sauran buƙatar tuba, tun da suna da takarda.

Ranar 31 ga Oktoba 1517 ya rubuta wa Albrecht wasiƙa cikin ladabi, ya haɗa da batutuwa 95 da Latin domin malamai su yi muhawara a kai. Labarin guduma da ƙofa kuwa, Melanchthon ne ya rubuta shi bayan mutuwar Luta, shi kuma bai zo Wittenberg ba sai 1518. Wasiƙar tana nan har yau. Muna faɗa muku haka ne domin mun fi son gudumar da abin da ke cikin takardar. Mutum nawa cikin waɗanda suka yi wasan suka taɓa karanta batutuwan? Mu ma sai a kwalejin tauhidi muka karanta su, kuma don jarrabawa.

Wanda ya karanta su zai yi mamaki. Luta bai ce a rushe kujerar Paparoma ba, bai ma ce a soke takardar afuwa ɗungum ba. A lokacin shi ɗan zuhudu ne na ƙungiyar Augustin, ɗan Katolika cikakke, yana gani idan Paparoma ya san abin da ake yi da sunansa zai hana. Batu na 1 yana cewa tuban da Yesu ya kira mu gare shi na dukan rayuwa ne. Na 43 yana cewa wanda ya ba matalauci ko ya ranta wa mabukaci ya fi wanda ya sayi takarda. Na 45 yana cewa wanda ya ga mabukaci ya wuce shi ya kai kuɗinsa wurin takarda, fushin Allah ya saya. Na 46, wanda muke so kowace uwa a Zumuntar Mata ta ji, yana cewa idan ba rara mutum yake da ita ba, wajibi ne ya riƙe abin da iyalinsa ke buƙata, kada ya ɓarnatar da shi a kan takarda. Na 62 yana cewa dukiyar ikkilisiya ta gaskiya ita ce bishara. Na 82 da na 86 tambayoyin talakawa ne da ya ɗauko: in Paparoma yana da ikon fitar da rayuka daga azaba, me ya hana shi fitar da su duka saboda ƙauna, sai saboda kuɗin gini? Kuma me ya hana shi gina majami'ar da dukiyarsa mai yawa, sai da ta matalautan masu bi? Wannan maganar makiyayi ce wanda ya ga ana cutar tumakinsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a Roma an ɗauke shi haka. A 1520 aka yi masa barazanar kora, ya ƙone takardar a bainar jama'a, a Janairun 1521 aka kore shi, a Afrilun shekarar ya tsaya gaban sarkin daular, Charles na Biyar, a Worms ya ƙi janye maganarsa sai in an nuna masa kuskurensa daga Nassi.

Ku lura da ƙarshen mutanen biyu. Albrecht, wanda ya ci bashin, aka ɗaga shi zuwa kadinal a 1518, ya rayu har 1545. Tetzel kuwa, da ƙura ta tashi, wakilin Paparoma ya tsawata masa, ya koma gidan zuhudu a Leipzig cikin kunya, ya mutu a 1519. Luta ya rubuta masa wasiƙar ta'aziyya kafin ya mutu, domin ya gane ba shi ne tushen abin ba. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma a wannan labarin bafaden aike ne kawai. Saboda haka ba za mu ɗora wa baƙon mai wa'azinmu dukan laifi ba. Kafin ya zo, a taron dattawa mun yi maganar rufin majami'a da ya rage, mun kuma san irin wa'azin da yake yi. An yarda da yadda za a raba abin da ya shigo. Idan shi ne Tetzel, to mu ne Albrecht.

Yanzu ga rabin tarihin da ba ya shiga wasan kwaikwayonmu. Ikkilisiyar Katolika ba ta tsaya a 1517 ba. A farkon 1523 Paparoma Adrian na Shida ya aika wakilinsa zuwa taron sarakunan Jamus a Nuremberg, ya amsa a fili cewa cutar daga kai ta sauko zuwa gaɓoɓi, wato daga fādar Paparoma ta faro. A 1537 wani kwamiti da Paparoma Bulus na Uku ya naɗa ya miƙa masa rahoto mai zafi a kan sayar da muƙamai da sauran ɓarna. Sai babban taron Trent, wanda ya zauna daga 1545 zuwa 1563, ana yi ana tsayawa saboda yaƙi da annoba da siyasa. A 1562 taron ya soke aikin masu yawon tara kuɗin afuwa ɗungum, yana cewa an sha gwada gyara su a tarurrukan baya ba su gyaru ba. A 1563 ya umarta a kawar da duk wata mummunar riba daga sha'anin afuwa, ya ce bishop ya zauna a cikin jama'arsa, kada mutum ɗaya ya tara kujeru, kuma kowane yankin bishop ya kafa makarantar horar da limamai. A 1567 Paparoma Pius na Biyar ya soke duk wata afuwa da ta haɗa da biyan kuɗi.

Ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. Carlo Borromeo ya zama kadinal yana da shekara 21 saboda kawunsa ne Paparoma, wato shi ma ɗan wancan ruɓaɓɓen tsarin ne. Amma da aka ba shi Milan ya tafi ya zauna a can, abin da magabatansa suka daɗe ba su yi ba. Ya bi majami'u har cikin ƙauyukan duwatsu, ya kafa makarantun limamai, ya matsa wa malalata lamba, har a 1569 wani ɗan zuhudu daga ƙungiyar da yake so ya gyara ya harbe shi da bindiga yana cikin addu'a. Bai mutu ba. Da annoba ta faɗa wa birnin a 1576 manya suka gudu, shi ya tsaya, ya kashe dukiyarsa wajen ciyar da mutane har ya shiga bashi.

Kada wani ya ce Fasto ya koma Katolika. Ba mu koma ba. Trent bai soke koyarwar afuwa ba, ciniki ya soke, kuma har yau suna ba da afuwa ta wurin addu'a da ziyara da ayyukan jinƙai. Bai soke Furgatori ba. Ya ajiye al'adar ikkilisiya kusa da Nassi, ya kuma la'anci wasu abubuwan da muke riƙe da su a kan barata ta wurin bangaskiya kaɗai. A kan waɗannan muna tare da masu Gyara, kuma za mu ci gaba da koya muku dalili daga Romawa da Galatiyawa da Ibraniyawa. Abin da muke cewa shi ne, a kan wannan batu ɗaya da ya kunna wutar, wato sa wa alherin Allah farashi, waɗanda muke yi wa dariya sun kafa doka sun rufe kasuwar fiye da shekara 450 da suka wuce. Mu da muke kiran kanmu 'ya'yan Gyara mun buɗe ta, mun sa mata lasifika da na'urar POS.

Kuma tun da muna maganar gaskiya, hannun kakanninmu na Gyara ba fari ba ne tas. A 1525 Luta ya rubuta wa sarakuna su murƙushe manoman da suka yi tawaye ba tausayi, aka kashe dubbai. A 1543 ya rubuta mugun littafi a kan Yahudawa. A Zurich, a 1527, hukumar Furotesta ta nutsar da Felix Manz a kogi saboda ya nace a kan baftismar manya, irin wadda da yawa cikinmu muke yi yau. A Geneva ta Calvin aka ƙone Servetus a 1553. 'Yan Katolika sun yi wa Furotesta kisan gilla a Faris a 1572, daga 1618 zuwa 1648 kuma ɓangarorin biyu suka mai da Jamus kufai. Wanda ya san wannan ba zai mai da 31 ga Oktoba ranar gori ba.

Mun san abin da za a ce mana, domin an riga an fara faɗa. Na farko, ma'aikaci ya cancanci ladansa. Gaskiya ne, Bulus ya faɗa a 1 Timoti 5 da 1 Korantiyawa 9, mu ma daga baikonku muke ci. Ba baiko muke suka ba, ba zaka ba, ba gudummawar gini ba. Idan rufi ya rage, a tashi a ce rufi ya rage, ga kuɗinsa, kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, a karanta lissafi gaban jama'a. Wannan bayarwa ce. Amma ranar da aka ce wa mace dubu ashirin ɗinta ne zai buɗe mahaifarta, an ƙetare zuwa wani abu dabam, kuma sunansa yana Ayyukan Manzanni 8, inda Siman ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sami baiwar Allah, Bitrus ya gaya masa shi da kuɗinsa hallaka suka nufa. Daga sunan wannan Siman ne ikkilisiyar dā ta samo sunan zunubin sayen muƙami. Mu fastoci da muke bin ƙofofi a ɓoye don a kai mu ikkilisiyar birni mai kaurin baiko, mu ma wannan ayar ba ta tsallake mu ba.

Na biyu, kada a taɓa shafaffe na Ubangiji. Ku buɗe Zabura 105 ku karanta daga farko. Maganar a kan Ibrahim da zuriyarsa ce suna baƙunci daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Ba a rubuta ta don hana ɗan ikkilisiya tambayar mai wa'azi ba. Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya. An yabi mutanen Biriya domin suna binciken Nassi kullum su ga ko abin da manzo ya faɗa haka yake. Da Luta ya bi wannan fassarar tamu, da ya yi shiru, domin ba wanda aka ɗauka shafaffe a zamaninsa kamar Paparoma.

Na uku, ai akwai masu shaida. Wata ta shuka iri ta sami miji, wani ya sha mai ya sami aiki. Allah mai jinƙai ne, yana amsa kukan mutanensa ko da an ruɗe su. Amma wa yake miƙa makirufo ga sauran da suka shuka ba su ga komai ba? Su akan ce musu bangaskiyarsu ce ta gaza, ko irin ya yi kaɗan, su ƙara. Yakubu 5 ya ce mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai cikin sunan Ubangiji. Babu kwalbar dubu biyu da ta dubu biyar a wurin. Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala daga Na'aman bayan ya warke, Gehazi ne ya bi shi a baya, kun kuma san da abin da ya dawo.

Akwai wata uwa a cikinmu, mijinta ya rasu, ba za mu faɗi abin da zai sa a gane ta ba. Tana cikin waɗanda suka fito a layin dubu ashirin. Akuyarta ta sayar, wadda take ajiye da ita don kuɗin jarrabawar ɗiyarta, domin an ce duk wanda ya shuka a daren 'ya'yansa ba za su tsaya a hanya ba. Da lokacin biyan kuɗin ya yi ta zo ofis, ba ƙara ta kawo ba, tambaya ta zo yi: ko akwai wani zunubi a kanta da ya hana irin tsirowa? Ta zauna a ƙarƙashin ramin nan da ƙusar wasan kwaikwayo ta bari a ƙofa, tana neman laifin kanta. Sau nawa aka yi mana wa'azin gwauruwar da ta jefa anini biyu a Markus 12 don a sa mu zazzage aljihu? Ku koma ayoyin da suke gabanta kaɗan. Yesu ya gama gargaɗi ke nan a kan malaman da suke cinye gidajen gwauraye suna doguwar addu'a don a gani.

Mutanen Jüterbog suna da uzuri. Ana yi musu sujada da Latin, yawancinsu ba su iya karatu ba, littafi kuma tsada. Saboda su ne Luta ya zauna a ɓoye a fādar Wartburg ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci, aka buga shi a Satumban 1522, dukan Littafin kuma a 1534. Mu muna da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, yau kuma yana cikin wayar kowannenku, kusa da bidiyon annabawan da kuke turo wa juna a WhatsApp. Ba mu da uzurinsu.

A 1999, ranar 31 ga Oktoba, a Augsburg, garin su Fugger, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwa cewa ta wurin alheri kaɗai ake karɓar mu, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don wani abin da muka cancanta ba. Ba ta warware kome da kome ba, amma an sa hannu. A 2017, shekara 500 bayan wasiƙar Luta, tarayyar ta yi babban taronta a Windhoek ta Namibiya, kuma ɗaya daga cikin kawunan taron shi ne cewa ceto ba na sayarwa ba ne. A taron ne aka zaɓi ɗan ƙasarmu, Babban Bishop Musa Panti Filibus na LCCN, ya shugabanci tarayyar. Idan bayan shekara 500 sai an sake rubuta wannan a allo, kuma a Afirka, to ba don Tetzel aka rubuta ba.

Ga abin da dattawa suka amince da shi a zamansu na makon jiya, bayan gardama mai tsawo, kuma ba duka ne suka yarda da daɗin rai ba. Ba za a ƙara kafa teburin sayar da mai ko hankici ko ruwa a harabar majami'a ba. Ba za a ƙara kiran mutane gaba bisa ga yawan kuɗi ba, ko baƙo ne yake wa'azi ko ɗan gida. Kason da ya shigo asusun gini daga wancan daren an ware shi, duk wanda ya bayar cikin matsi ya zo wurin ma'aji shi kaɗai, za a mayar masa ba tare da an karanta sunansa ba. Rufin zai jira. An riga an biya kuɗin jarrabawar yarinyar.

Ku kuma matasa, ranar Laraba da ƙarfe biyar za mu haɗu a ajin Lahadi. Za mu karanta batutuwan Luta daga na 41 zuwa na 51, mun juya su zuwa Hausa, tare da 2 Sarakuna 5. Wanda ya fito a Paparoma da wanda ya fito a Luta su zo, su ne za su yi karatun. Kowa ya zo da Littafinsa.